Ruwan Huhu a Kan Tsaunuka: Ina Matsayin Kumburin Garkuwar Jiki?

Ciwon ruwan huhu na tsaunuka cuta ce da ke kama lafiyayyen mutum idan ya hau wuri mai tsayi da gaggawa, galibi sama da mita 2,500 zuwa 3,000 daga bakin teku. Yakan bayyana tsakanin kwana biyu zuwa biyar da isa wurin, kuma ya fi tsananta da dare. Farkonsa ba ya tayar da hankali: mutum ya ga yana haki fiye da abokan tafiyarsa, ƙarfinsa ya ragu, busasshen tari ya kama shi. In abin ya ci gaba sai numfashi ya gagare shi ko da yana zaune, leɓɓansa da faratansa su koma shuɗi-shuɗi, a riƙa jin ƙarar ruwa a ƙirjinsa, daga bisani ya soma tofar da majina mai kumfa da jirwayen jini. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da HAPE, kuma cikin cututtukan da hawan tsauni ke jawowa shi ne ya fi kashe mutane.

Tushen matsalar ƙarancin iskar oksijin ne. Kasonta a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin 100 ne a bakin teku, haka ma a kan tsauni. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar baki ɗaya. A bakin teku yakan kai milimita 760 a ma'aunin zaiba, a tsayin mita 5,500 ya koma wajen rabin haka, a ƙololuwar Everest kuwa wajen kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka duk numfashin da aka ja, oksijin kaɗan yake shigowa da shi. Saurin hawa ne ke raba wanda zai kamu da wanda zai tsira. Cikin masu kai wa mita 4,500 a kwana huɗu, wajen mutum 2 ne cikin 1,000 ke kamuwa; in aka yi hawan a kwana ɗaya ko biyu, adadin kan kai kashi 6 cikin 100. Wanda kuwa ya taɓa kamuwa, idan ya sake hawa irin wannan tsayi da irin wannan sauri, yiwuwar ciwon ya dawo masa ta kai wajen kashi 60 cikin 100. Babu wani wuri a Nijeriya ko Nijar da ya kai tsayin da ciwon ya saba bayyana, domin Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Mutanen wannan yanki da abin kan shafa matafiya ne: masu hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, da masu sauka a biranen tuddai irin su Lhasa da La Paz, inda jirgin sama ke kai mutum sama da mita 3,500 cikin 'yan sa'o'i.

Kafin a nemo matsayin kumburi a wannan ciwo, sai a fara sanin mene ne shi. Kumburin garkuwa shi ne martanin da jiki ke mayarwa idan ƙwayar cuta ta shige shi ko wani sashensa ya ji rauni. Alamunsa a fata sanannu ne: wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya riƙa zogi. A can ciki kuwa, ƙwayoyin da ke gadin wurin ne ke sakin sinadaran saƙo da ake kira saitokin, su kirawo fararen ƙwayoyin jini, bangon siraran jijiyoyin jini ya saki, ruwa da furotin su tsiyayo cikin nama. In haka ta faru a huhu, kamar yadda ake gani a nimoniya, ruwan yakan cika ƙananan jakunkunan iska, inda oksijin ke ratsawa zuwa jini. Akwai kuma hanya ta biyu da ruwa ke shiga huhu, wato matsin jinin da ke cikin jijiyoyin ya yi yawa har ya tura ruwa waje, abin da ke faruwa ga mai ciwon zuciya. Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna bibiya ita ce, wacce daga cikin hanyoyin nan biyu ce ke aiki a kan tsauni? Amsar ce ke nuna abin da za a yi wa majinyaci a wurin da babu asibiti, shi ya sa ta cancanci a tsaya a kanta.

Zargin farko a kan kumburi ya faɗa, kuma da dalili. Majinyacin yakan yi ɗan zazzaɓi, fararen ƙwayoyin jininsa sukan ƙaru, ga tari, ga majina. A 1891 wani matashin likita daga garin Chamonix mai suna Jacottet ya rasu a wata bukkar bincike da ke kan tsaunin Mont Blanc, sama da mita 4,300, bayan ya ƙi saukowa domin yana son ya lura da yadda jikinsa ke sabawa da tsayin. Da aka binciki gawarsa an tarar da huhunsa cike da ruwa. Masanin aikin jiki ɗan Italiya, Angelo Mosso, ya kawo labarin a littafinsa, kuma shekaru da dama ana kallon irin wannan mutuwa a matsayin nimoniya. A 1913 likita ɗan Ingila, Thomas Ravenhill, wanda ya yi aiki a wuraren haƙar ma'adinai na arewacin Chile, ya siffanta ciwon da kyau amma ya jingina shi ga gazawar zuciya. Likitocin Peru, ciki har da Alberto Hurtado, sun rubuta a kansa da harshen Sifaniyanci tun daga shekarun 1930, sai dai duniyar likitanci ba ta waiwaye su yadda ya kamata ba har 1960, lokacin da Charles Houston ya wallafa labarin wani matashi mai ƙoshin lafiya da huhunsa ya cika da ruwa a tsaunukan Aspen na jihar Colorado a Amurka, alhali zuciyarsa lafiya lau. Bayan shekara biyu, yaƙin Indiya da Sin na 1962 ya sa aka kwashi dubban sojojin Indiya zuwa Himalaya da gaggawa, likitocin soja suka ga ɗaruruwan masu wannan ciwo.

Gaskiyar lamarin ta fara fitowa ne da aka auna matsin jini a cikin huhun kansa. A farkon shekarun 1960 Herbert Hultgren da abokan aikinsa sun zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciyar majinyata a garin La Oroya na Peru. Sun tarar da matsin jini a babbar jijiyar da ke kai jini huhu ya hau ƙwarai, amma matsin ɓangaren hagu na zuciya daidai yake. Wannan ya wanke zuciya daga zargi, ya mayar da hankali ga jijiyoyin huhu. Dama tun 1946 masana biyu 'yan Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, sun nuna a jikin kyanwa cewa jijiyoyin jinin huhu suna tsukewa idan oksijin ya yi ƙaranci, saɓanin jijiyoyin sauran jiki da ke buɗewa. Tsukewar tana da amfani a ƙasa, domin tana karkatar da jini daga sashen huhun da iska ba ta shiga zuwa sashen da ke samun iska. A kan tsauni kuwa huhun gaba ɗayansa ne ke cikin ƙaranci, sai tsukewar ta bazu, matsi ya hau. Wasu mutane halittarsu ce jijiyoyinsu su tsuke fiye da kima, kuma su ne ciwon ke yawan komawa wa.

Sai dai a nan akwai abin ɗaure kai. Idan jijiyoyin da ke shigar da jini sun tsuke, ai kamata ya yi siraran jijiyoyin da ke gabansu su samu sauƙi, to ta ina matsi ya kai gare su? Bayanin da Hultgren ya kawo, wanda har yau shi ne ya fi karɓuwa, shi ne tsukewar ba ta zuwa bai ɗaya. Wasu jijiyoyin sukan rufe sosai, wasu su zauna a buɗe. Misalinsa gonar rani ce da aka toshe wasu magudananta alhali injin ban ruwa yana ta turowa: ruwan duk zai koma ga waɗanda ke buɗe, ya yi musu yawa har ya fasa kunya. Wannan ne ya sa hoton ƙirjin majinyaci ke nuna tabo a warwatse, nan ruwa, can lafiya. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1980, lokacin da Peter Hackett da abokansa suka kawo labarin mutum huɗu da aka haifa ba su da jijiyar da ke kai jini huhun dama. Dukan jininsu ta huhun hagu yake bi, kuma sun kamu da ciwon a tsayin da bai cika kama sauran mutane ba, ruwan kuma a huhun hagun ya taru. Daga baya John West ya nuna a jikin zomaye cewa idan matsi ya yi yawa a siraran jijiyoyin huhu, bangonsu, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, yakan tsattsage, furotin da jajayen ƙwayoyin jini su fito. Irin wannan tsagewa ce ke sa dawakan tsere zubar jini a cikin huhu bayan gudu mai tsanani. An kuma lura cewa da yawa daga tsagogin suna rufewa cikin 'yan mintuna da zarar matsin ya sauka, abin da ya dace da yadda masu ciwon ke farfaɗowa da sauri idan an sauko da su.

Duk da haka batun kumburi bai mutu ba, ya ma sake samun ƙarfi a shekarun 1980. Robert Schoene da tawagarsa sun kafa sansani a kan tsaunin Denali na Alaska, sama da mita 4,000, suna yi wa masu ciwon wankin huhu: a zura bututu mai madubi ta maƙogwaro, a zuba ruwan gishiri kaɗan a wani sashen huhu, a zuƙo shi a bincika. Sakamakon da suka wallafa a 1986 ya nuna furotin mai yawan gaske, da ƙwayoyin makrofaj, waɗanda su ne masu share datti a jakunkunan iska, da wasu sinadaran da ke kiran fararen ƙwayoyin jini. Ruwan da matsi kaɗai ya turo, irin na ciwon zuciya, ba ya ɗauke da furotin mai yawa haka, don haka aka ce lallai bangon jijiya ya lalace. A shekarun 1990 likitocin jami'ar Shinshu a Japan, ƙarƙashin Keishi Kubo, sun yi irin wannan wankin ga mahaya da aka sauko da su asibiti, suka sami saitokin iri-iri sun ƙaru, har da ƙwayoyin nutrofil, waɗanda su ne kan gaba a duk inda kumburi ya tashi. Mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare.

Raunin waɗannan bincike a lokaci yake. Majinyatan da aka duba galibi sun riga sun kwana ɗaya, biyu ko fiye da ciwon kafin a kai gare su. Samun kumburi a huhun da ya daɗe cike da ruwa da jini ba ya nuna cewa kumburin ne ya fara. Jini da furotin da suka zuba inda bai kamata ba, su kansu suna isa su tayar da garkuwar jiki. Abin da ake buƙata shi ne a leƙa huhun tun ciwon yana farowa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an tafi da mutanen da aka san za su kamu, an hau da su, an tsaya a kansu.

An yi wannan aiki a bukkar Margherita da ke kan tsaunin Monte Rosa, a iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsayin mita 4,550 da 'yan kai. An buɗe bukkar a 1893, kuma a cikinta Mosso ya yi wasu gwaje-gwajensa. Erik Swenson, Marco Maggiorini, Peter Bärtsch da abokansu sun hau da mahaya 16, goma daga ciki sun taɓa kamuwa, shida ba su taɓa ba, suka kai su bukkar cikin kusan kwana ɗaya, suka yi musu wankin huhu ba tare da ɓata lokaci ba. Matsin jini a jijiyar huhun rukunin farko ya kai milimita 66 a matsakaici, na rukuni na biyu 37. A ruwan wankin waɗanda ciwon ya fara kamawa an sami jajayen ƙwayoyin jini da furotin, kuma yawansu yana tafiya da hawan matsi. Amma ƙwayoyin nutrofil ba su ƙaru ba, saitokin ma haka. An wallafa sakamakon a 2002 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Shekara guda kafin nan, Maggiorini ya auna matsin siraran jijiyoyin a wannan bukkar, ya ga duk waɗanda suka kamu matsinsu ya haura milimita 19. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma zaɓaɓɓu ne masu saurin kamuwa, amma tsarin binciken ya amsa ainihin tambayar: bangon jijiya yana iya yoyo saboda matsi tsagwaronsa, kafin garkuwar jiki ta motsa. Abin da aka gani a Denali da Japan gaskiya ne, sai dai mataki na biyu ne na ciwon.

Magunguna ma sun ba da shaida. A 1991 Bärtsch ya gwada nifedifin, maganin hawan jini da ke buɗe jijiyoyi, wanda ba shi da wani aiki a kan kumburi. Cikin mutum 10 da suka sha, ɗaya ne ya kamu. Cikin 11 da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, bakwai suka kamu. Iskar naitirik oksaid, wadda jiki da kansa ke samarwa don sassauta jijiyoyi, an ga tana ƙaranci a numfashin masu saurin kamuwa, kuma shaƙa ta yana sauke musu matsin. Wani gwaji na 2002 ya ƙara haska wani ɓangare: salmeterol, maganin shaƙa na masu asma, ya rage kamuwa daga kashi 74 zuwa 33 cikin 100, kuma ana danganta hakan da taimakon da yake yi wa bangon jakunkunan iska wajen kwashe gishiri da ruwa, aikin da ƙarancin oksijin ke raunanawa.

Gwaji ɗaya ne ya so ya dagula lissafin. A 2006 Maggiorini ya kwatanta tadalafil, wanda ke buɗe jijiyoyin huhu, da deksametazon, sanannen maganin danne kumburi. Bakwai cikin tara na waɗanda ba su sami magani ba sun kamu, ɗaya cikin takwas na masu tadalafil, babu ko ɗaya cikin goma na masu deksametazon. A ido, wannan nasara ce ga masu zargin kumburi. Amma a cikin binciken kansa an ga deksametazon ya sauke matsin jijiyar huhu kamar yadda tadalafil ya yi, abin da ba a zata ba. Maganin yana da ayyuka da dama ban da danne garkuwa: yana ƙara samar da naitirik oksaid, yana ƙarfafa bangon jijiya, yana taimaka wa kwashe ruwa. Tun da ya taɓa matsin, ba za a kafa hujja da shi a ce kumburi ne asali ba. Kuma riga-kafi aka yi da shi, an fara sha tun kafin hawa. Amfaninsa ga wanda ruwa ya riga ya cika wa huhu magana ce daban.

Inda kumburi ke da hannu na haƙiƙa, kuma inda ya fi shafar matafiyi, shi ne idan ya riga hawan. Likitocin yara a Colorado sun lura a wani bincike na 1997 cewa mafi yawan yaran da suka zo daga ƙasa suka kamu da ciwon a tsaunuka suna ɗauke da mura, ciwon kunne ko wani ciwon hanyar numfashi kafin su iso, alhali a manya ba haka abin yake ba. Gwaji a jikin ɓeraye ya goyi bayan haka: waɗanda aka fara harba wa bairos na hanyar numfashi, ko gubar bakteriya, sannan aka sa su cikin iska mai ƙarancin oksijin, huhunsu ya tara ruwa fiye da na lafiyayyu. Dalilin a fili yake. Bangon da kumburi ya riga ya sassauta ba ya buƙatar matsi mai yawa kafin ya yi yoyo. Wannan ne ke bayyana yadda mutumin da ya sha hawa tsauni lafiya zai kamu wata rana a tsayin da ya saba, da kuma yadda ake samun ciwon jefi-jefi ƙasa da mita 2,500. Mura da ba a ɗauke ta bakin komai ba a gida tana iya zama babban haɗari a mita 4,000, kuma wannan gargaɗi bai yaɗu tsakanin matafiya yadda ya kamata ba.

Akwai kuma masu cewa ƙarancin oksijin shi kansa yana tayar da garkuwar jiki, kuma suna da gaskiya gwargwado. A cikin ƙwayoyin halitta akwai furotin mai suna HIF da ke taruwa idan oksijin ya ragu, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Gano wannan tsari ne ya ba William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Hanyar HIF tana haɗe da hanyar da ke kunna kumburi, kowace tana iya zuga ɗaya. An auna jinin lafiyayyun mutane a bukkar Margherita an ga saitokin mai suna intalukin 6 ya ɗan ƙaru, tare da wasu alamun kumburi. A ɓerayen ɗakin gwaji kuwa, idan aka jefa su cikin matsanancin ƙarancin oksijin, ana ganin kumburi tun da wuri. Abin lura shi ne ƙaruwar da ake gani a jinin mutane ƙarama ce, tana samun wanda ya kamu da wanda bai kamu ba, kuma gwajin ɓera yakan yi amfani da ƙarancin da ya zarce abin da mahayi ke fuskanta. Hujjar da aka samo daga huhun ɗan Adam a farkon ciwo ta fi nauyi a kan wadda aka samo daga dabba.

Muhimmancin rarrabe waɗannan abubuwa ya fito fili a farkon 2020, lokacin da annobar korona ta ɓarke. Wasu likitoci sun ga majinyata da ƙarancin oksijin mai tsanani da farin tabo a hoton ƙirji, suka ce ciwon ya yi kama da na tsaunuka, har aka fara ba da shawarar gwada magungunan mahaya. Masana ciwon tsauni, ciki har da Swenson da Andrew Luks, sun fito sun yi watsi da wannan kwatance. A korona bairos ne ke lalata jakunkunan iska, garkuwar jiki ta tashi da ƙarfi, huhu ya ɗauki makonni kafin ya warke, wani lokaci ya bar tabo. A ciwon tsauni oksijin kaɗai yana iya juya lamarin cikin sa'o'i, mutum ya warware cikin 'yan kwanaki. Ba wa mai korona maganin buɗe jijiyoyin huhu kuwa yana iya mayar da jini sashen da iska ba ta shiga, ya ƙara masa ƙarancin oksijin. Cututtukan biyu sun yi tarayya a alamu, sun rabu a asali.

Labarin yana sauyawa idan aka koma ga masu daɗewa a kan tuddai. Tun 1915 likitocin dabbobi a Colorado suka siffanta wata cutar shanu da ake kiwo a tsaunuka, inda ƙirjin saniya ke kumbura da ruwa saboda ɓangaren dama na zuciyarta ya gaza tura jini cikin huhu. A nan tsukewar jijiya ta wuce ta ɗan lokaci, bangon kansa ne ke yin kauri ya sandare. Binciken Kurt Stenmark a kan 'yan maruƙa da ɓeraye ya nuna ƙwayoyin makrofaj da danginsu suna taruwa a kewayen jijiyoyin huhu, suna sakin sinadaran da ke sa bangon ya ƙara kauri, wani bincike daban kuma ya nuna ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon intalukin 6 ba su kamu da hawan jinin huhu mai tsanani irin na sauran ba. Ana samun irin wannan hawan jinin huhu a mazauna tsaunukan Andes da Tibet da Kirgistan. A wannan nau'i na daɗewa, kumburi yana cikin masu gina cutar, kuma hayaƙin itace da kashin dabbobi da ake ƙonawa a rufaffun ɗakuna saboda sanyi yana ƙara masa ƙarfi.

Hanyoyin iska kuwa nasu daban ne. Busasshiyar iska mai sanyi da mahayi ke zuƙa da sauri tana ƙona maƙogwaro ta haifar da tari mai naci, wanda a yankin Everest ake yi wa laƙabi da tarin Khumbu, har yakan karya haƙarƙari. Masu asma kuma sau da yawa sukan samu sauƙi a matsakaicin tsayi, kamar garin Davos na Suwizalan, domin ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki da ke tayar musu da kumburi ba sa rayuwa sosai a can.

Abin da aka fahimta game da asalin ciwon shi ya tsara yadda ake tunkararsa. Riga-kafi mafi inganci hawa a hankali ne: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, kuma a huta kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wanda ya taɓa kamuwa ya ga likita kafin tafiya, domin ana ba irinsa nifedifin. Mai mura, tari ko zazzaɓi ya jinkirta hawa har ya warke, musamman yaro. Idan ciwon ya riga ya kama, magani shi ne duk abin da zai mayar da oksijin ya sauke matsi: saukowa da aƙalla mita 500 zuwa 1,000, ba da oksijin in akwai, ko sa majinyaci cikin jakar da ake hura wa iska ta kwaikwayi nauyin iskar ƙasa, da nifedifin idan waɗannan ba su samu ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki sai in da nimoniya ta gaske a tare, kuma zazzaɓi kaɗai ba hujja ba ce ta zama a sama ana jiran maganin ya yi aiki. Magungunan sa fitsari da ake ba masu ciwon zuciya ma ba a ba da shawararsu, domin mahayi galibi jikinsa a bushe yake. Sanyi da wahalar tafiya duka suna ƙara matsin jijiyar huhu, don haka a lulluɓe majinyaci, a ɗauke masa kaya, in da hali a ɗauke shi. Duk wanda numfashi ya gagare shi yana zaune a kan tsauni, a sauko da shi a daren, kada a jira gari ya waye, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.